Geron Kaka da Muka Ci a Koki

Mun tashi da asuba daga Kaduna, ni da yayata, ranar da Kaka ta cika kwana arba'in da rasuwa. Ko da muka isa tashar Kawo gari bai gama wayewa ba, masu shayi ne kawai suka hura wuta. Yayata tana riƙe da ledar sukari da sabulu ta gaisuwa, ni kuma ina rungume da wata 'yar jakar ƙyalle da na ɗinka da hannuna, babu komai a cikinta. Tun daga gida take yi mini tsiya a kanta, wai kowa zai je sadaka da hannu cike, ni kaɗai zan je da buhu.

Jakar nan ta gero ce. Waɗanda suka daɗe suna karanta rubutuna sun san tarihi nake karanta, amma ban taɓa ba ku labarin tukunyar Kaka ba.

Kaka mahaifiyar babanmu ce, a Koki take, cikin birnin Kano. Asalin gidan mutanen Barno ne, malamai da fatake, kuma an ce fari ne ya taso su tun zamanin da babu wanda ya riƙe lissafinsa. Abin da suka iso da shi bai wuce littattafai da taikin irin gero ba. Littattafan sun watse a hannun magada. Irin kuwa ya zauna a hannun matan gidan, suruka ta miƙa wa matar ɗa, har ya zo kan Kaka. A wata baƙar tukunya take ajiye shi a bayan gadonta, cakuɗe da toka saboda ƙwari, bakin a liƙe da laka. Duk damina sai a ɗiba a shuka, da kaka kuma a mayar da sabo.

Abin da ya bambanta shi da sauran iri shi ne yadda ake zaɓensa. Manomi yakan duba zangarniyar da ta fi girma ya ware. Matan gidanmu ba haka suke yi ba. Sai sun ɗauki wadda ta riga kowa nuna, da wadda ta zo ƙarshe, da wadda ta yi a kan tudu inda ƙasa ba ta riƙe ruwa, da wadda ta jure kwari inda ruwa ke kwanciya, har da 'yar ƙanƙanuwar da ta tsira a shekarar da komai ya ƙone. Duk a sussuke a zuba wuri ɗaya. Ina ƙarama na taɓa zama ina ware mata farare daga jajaye, ina ganin gyara nake yi. Ta buge mini hannu, ta ce, "Ƙawata, shekara ba ta yi wa kowa alkawari ba. Wanda ya zaɓi iri don ruwan bara, baɗi zai kwana da yunwa."

Motarmu ta cika wajen ƙarfe shida. Kuɗin mota ya ƙaru a kan na zuwanmu ta'aziyya, direba ya ce mu tambayi gidan mai. Mu huɗu aka jera a kujerar mutum uku, yayata ta samu taga, ni na samu gwiwar wata Hajiya mai kwandon kaji. Muna wuce Jaji na fara kallon gonaki. Ruwa ya sauka bana da wuri, mutane suka yi murna suka shuka, sai ya ɗauke. Tsiron ya fito bai kai tsawon yatsa ba, ganyen ya nannaɗe kamar mai jin kunya. Wani dattijo da ke gidan gaba ya ce shukarsa ta uku ke nan, ta farko ma binne ya yi tun ƙasa na bushe, tsuntsaye da zafi suka raba. Hajiya mai kaji ta ce duniya ce ta zo ƙarshe. Dattijon ya ce tun yana yaro yake jin duniya ta zo ƙarshe duk shekarar da ruwa ya makara, ga shi har ya yi furfura.

Na yi murmushi, don maganarsa ita ce kusan abin da nake rubutawa a makaranta. Bincikena a kan yadda sauyin ruwan sama ya riƙa juya amfanin gona ne a ƙasar Kano, shekaru ɗari uku zuwa huɗu da suka wuce. Ruwan wancan zamani ma ba ya da tabbas. Akan jera shekarun albarka har rumbuna su riƙe damman bara da na bara waccan, sannan a jera na fari, ko fara ta sauka ta share abin da rana ta bari. Matsalata ita ce rubutattun da suka rage mana gajeru ne. Za a ce a zamanin wane an yi yunwa, shi ke nan, a wuce zuwa labarin yaƙi. Babu wanda ya rubuta abin da aka shuka a shekarar da ta biyo baya, ko wa ya ɓoye irin bai dafa wa 'ya'yansa ba. Shekara biyu ina neman wannan amsa a ɗakunan karatu. Sai bara na farga cewa tana bayan gadon Kaka. Kowace irin shekara da gidanmu ya taɓa gani ta bar 'ya'yanta a cikin tukunyar nan.

Sau uku Kaka tana aiko mini in zo in karɓi irin. Gonar da ake shuka mata ta tafi, irin ya yi damina biyu bai ga ƙasa ba, ta ce idan ya yi ta uku zai mutu a cikin tukunya. Ni ta zaɓa saboda ni kaɗai nake tambayarta. Na farko na ce jarrabawa, na biyu na ce ina shirin gabatar da takarda, kuma takardar a kan fari ce. Na ukun a waya ne, ta ce, "'Yar boko, gero ba ya jiran hutu." Muka yi dariya. Ban sake jin muryarta ba.

Da muka je ta'aziyya na ga tukunyar da idona, lakar bakinta ko tsagewa ba ta yi ba. Kwana uku ina zaune a ɗakin, ina kallonta ina sunkuyar da kai. Wa zai buɗe baki a zaman makoki ya tambayi kayan mamaciya? Sai a ce jika ta zo ƙidayar gado tun ƙasar kabari ba ta bushe ba. Na ce a raina in an yi arba'in hankali ya kwanta, sai in roƙi Baffa, yayan babanmu, wanda gidan ke hannunsa. Ko yayata ban gaya wa ba sai da ta ga ina ɗinka jaka.

A Kwanar Dangora muka tsaya aka sha mai. Masu talla suka yanyame motar da dafaffen ƙwai da rake da ragowar mangwaron bana, wanda ya yi laushi har yana roƙon a saye shi. Yayata ta yi cinikin ƙwai kamar za ta sayi fili, ta samu ragin da bai kai kuɗin ledar ba, ta dawo tana fara'a. Daga Kadawa zuwa Kura ido ya huta, shinkafa koriya shar a bakin kwalbatocin ban ruwa, kai ka ce wata ƙasar ce daban da wadda muka baro minti ashirin baya. Dattijon nan ya dubi wajen ya ce waɗannan ba da sama suke shawara ba.

Mun sauka a Unguwa Uku hantsi ya ɗaga. Mai adaidaita sahun da ya ɗauke mu ya rantse ya san Koki kamar tafin hannunsa, ya kuma tsaya tambaya sau biyu. Mun shiga ta Ƙofar Nassarawa. Duk sanda na ga ragowar ganuwa sai zuciyata ta yi sanyi, don ruwa da masu ɗibar ƙasa sun cinye ta ta zama kamar tsohuwar da ta zauna hutawa. Waɗanda suka gina ta ba gidaje kaɗai suka kewaye ba, sun haɗa da gonaki masu faɗi, don ko an rufe ƙofa birni ya ci daga cikinsa. Mun maƙale a Shahuci wajen rabin sa'a tsakanin masu kura da 'yan dako. A nan yayata ta hango mai gurasa, ta ce ba za ta shiga gidan makoki da yunwa ba. Ni na ƙi ci. Na ce sai na je gida.

Lungun gidan Kaka bai canza ba, kwata a tsakiya, bango na dafa bango. Mun tarar maza sun riga sun yi addu'a sun watse, saura tabarmi a ƙofar gida. Ciki kuwa mata ne maƙil, 'yan uwa daga Yakasai da Fagge har da waɗanda ban taɓa gani ba. Muka durƙusa muka gai da matar Baffa, wadda muke kira Umma. Mace ce mai kirki, ita ta yi jinyar Kaka wata takwas ba ta taɓa ɗaga murya ba. Ta rungume mu, ta ce mun rame, ta turo mana faranti da waina da gumba.

Gumba dai gero ne ake jiƙawa a daka da sukari da kayan ƙamshi a dunƙula, ita ake rabawa a sadakar mamaci. Na sha cin ta, amma ban taɓa cin irin wannan ba. Tana da garɗi mai nauyi, da wani ƙamshi kamar na ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Launinta ma ba ɗaya ba ne, akwai toka-toka, akwai ɗigon ja, akwai ruwan ƙwai. Na cinye dunƙule biyu na miƙa hannu na ɗauki na uku. Matan da ke kusa da ni suna ta yabawa, wata tsohuwa ta ce rabonta da gero mai wannan ɗanɗano tun tana amarya. Na ji maganar da kunnena, ban kawo komai a raina ba. Yayata har ta ƙulle guda huɗu a leda za ta kai wa Babanmu, wanda bai samu zuwa ba.

Bayan azahar mutane suka ragu. Na ɗauki jakata na nufi ɗakin Kaka, ina shirya kalmomin da zan faɗa wa Baffa. Ban kai ɗakin ba. A gindin rijiya, kusa da turmi, na ga baƙar tukunyar a kife, an wanke ta tas tana shan rana.

Na juya na tambayi Umma inda aka juye abin da ke ciki. Ta dube ni da fuskar wadda ta yi abin kirki, ta ce ai shi muka ci. Ta ce ita da Baffa suka yi shawara, babu gona, babu mai shukawa, in an bar shi ƙwari za su gama da shi, kuma babu sadakar da ta fi dacewa da Kaka kamar geron da ta fi ƙauna a duniya. Jiya suka fasa lakar, suka bushe tokar, suka wanke shi sau uku. Bai fi kwano biyu ba, har sai da suka ƙara da na kasuwa kaɗan.

Ban san hawaye nake yi ba sai da ta kamo hannuna. Da na yi mata bayani sai ta zauna a kan turmin, ta riƙe haɓa.

"Ke kuwa 'yar nan, kwana uku kina ɗakin nan. Me ya hana ki magana?"

Na ce kunya na ji.

"Kunyar wa? Ni da na rasa yadda zan yi da shi? Wallahi da kin ɗaga gira kawai da na ɗaura miki shi a ka."

Sai ta fara ba ni haƙuri, abin da ya fi komai yi mini ciwo, don ba ta yi laifin komai ba. Yayata, wadda ba ta iya ganin ana kuka ba ta yi magana ba, ta ce to ai ban yi asara duka ba, tunda kaso mafi tsoka na tarihin yana cikina. Muka yi dariya mu uku, muna share ido. Na duba gindin turmi ko wasu ƙwayoyi sun zube. Kajin gidan sun riga ni.

Baffa ne da ya shigo da la'asar ya tuna da Malam Ilu, mutumin da ya yi shekara talatin yana shuka wa Kaka irin nan a Dukawuya. Ya ce kada in sa rai, amma babu laifi in je.

Washegari da safe muka tafi. Hanyar ta bi ta gefen Goron Dutse, kuma duk inda Baffa ya kwatanta mana da cewa gonaki ne a da, shaguna muka gani da gidajen bulo da wurin wankin mota. Malam Ilu tsoho ne siriri, idonsa ɗaya ya yi fari, yana zaune a zaurensa yana gyaran wata fartanya da ba ta da sauran aiki. Da ya ji ko jikokin wa ne sai ya yi wa Kaka addu'a mai tsawo, sannan ya ce tsohuwar nan ta wahalar da shi fiye da kowa. Gonarta ba ta nuna rana ɗaya, sai ya yi girbi sau uku, maƙwabta na yi masa dariya wai ya shuka gero ɗan gidan kowa. A shekarar ruwa mai kyau kowa ya fi shi dami. Amma ya ce akwai shekarun da ruwa ya ɗauke tun gero na bununi, bai kai ga yin ƙwaya ba, duk layin nan babu wanda ya ɗaure dami sai shi. Bai taɓa cika rumbu da shi ba, bai kuma taɓa dawowa hannu wofi ba.

Ya taka da mu zuwa inda gonar take. Makarantar kuɗi ce yanzu, mai fenti ruwan hoda, yara na rera karatu a daidai inda ya ce nan ne kwarin da ruwa ke kwanciya. Ya ce har yanzu duk damina sai harabar ta cika da ruwa, mai makarantar na ta zargin magini.

Na gaya masa abin da ya faru da tukunyar. Muka koma zaure. Sai ya sa yayata, da yake ta fi mu tsawo, ta taka kujera ta laluba tsakanin azara. Ta zaro wata zangarniya guda ɗaya, ta yi baƙi da ƙura da yanar gizo, ƙwari sun cinye fiye da rabinta. Ya ce al'adarsa ce duk shekara ya soke zangarniyar da ta fara nuna a rufin zaure, wannan ita ce ta girbin ƙarshe.

"Ba tukunyar ba ce, Malama," in ji shi. "Wannan mai gaggawar ce kawai, ta shekarar da ruwa ya gudu da wuri. Sauran 'yan uwanta kun cinye."

Na karɓa da hannu biyu. Jakar da na ɗinka don kwano biyu ta haɗiye ta kamar ba a sa komai ba. Yayata ta ciro gumba ɗaya daga cikin huɗun Babanmu ta ba shi. Ya gutsura, ya daɗe yana taunawa da 'yan haƙoran da suka rage masa, ya ce lallai shi ne.

Mun kamo hanyar Kaduna bayan azahar. Hadari ya haɗu a gabas tun daga Kura, ya bi mu har Zariya, iska ta kaɗa shi ya watse ko ɗigo bai sauke ba. A motar na rungume jakata. Yayata ta saya mini rake ta ajiye a cinyata, ba ta tsokane ni ba har muka isa gida ana kiran magariba.

Da na sussuke zangarniyar, abin da ya fita lafiyayye bai cika cokali biyu ba. Na ɗebi ƙwaya ashirin na shimfiɗa a jiƙaƙƙen ƙyalle, kamar yadda wata ƙawata mai karatun aikin gona ta koya mini. Kwana huɗu ina ɗaga ƙyallen kamar mai duba jariri. Shida sun tsiro. Ƙawar tawa ta ce gero yana karɓar bununin maƙwabcinsa a iska, don haka wataƙila akwai ɗan jinin sauran a cikin waɗannan, sai an yi shekaru ana shukawa za a gani. Na riƙe wannan wataƙilar, don ita kaɗai gare ni.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗin faɗa ba ne. Matan gidanmu sun ratsa da irin nan ta cikin farin da ya kori mutane daga garuruwansu. Tabbas a cikinsu akwai wadda ta ji kukan ɗanta na yunwa, tukunyar na bayan gadonta, ba ta fasa lakar ba. Fari bai cinye shi ba, fara ba ta cinye shi ba. A hannuna ya ƙare, a shekarar da nake da abinci da waya da kuɗin mota, saboda na ce sai hutu, sannan na ce sai arba'in. Idan kuna da tsohuwar da ke cewa ku zo ku karɓi wani abu, ku je ranar. Idan kuma kun makara kun tarar da abin a ɗakin makoki, ku buɗe baki ku tambaya, a ce ba ku da kunya.

Umma ta aiko mini da tukunyar a motar haya, a naɗe cikin tsohon zanen Kaka. Tana bayan gadona, babu komai a ciki. Tsiro shidan kuma suna bayan ɗakin girkinmu a cikin wani tsohon baho, kullum da safe sai na fita na dube su, sannan na ɗaga kai na dubi gabas.